Haƙorin 'Yar Fari

A ƙauyenmu da ke kusa da Tamaske an san ni da abu guda: ban taɓa kiran sunan 'yata ta fari ba. Kowace mace tana jin nauyin ɗan fari, al'ada ce, amma ni na kai abin inda wasu ba su kai ba. Ba na cin tuwo kwano ɗaya da ita, ba na yi mata kitso, in ta shigo ɗaki ina da baƙi sai in kau da kai in kama gyaran tabarma. Mata suna yabona a bakin rijiya, suna cewa amare su zo su koyi kunya wurina. Yabon yana yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Kuma na yi lakwal har aji shida, ina karatu ina rubutu, saboda haka ba ni da damar fakewa da jahilci.

Tun da aka yaye ta uwar mijina ta ɗauke ta. Gida ɗaya muke, danga ce kawai tsakanin ɗakina da nasu. Yarinyar ta tashi tana kiran kakarta Inna, ni kuma tana ce mini Yaya, yadda ta ji ƙannena suna faɗi. Mijina yana Abijan wajen bida, neman kuɗi, sai ya shekara biyu bai leƙo ba, abin da yake aikowa kuma bai wuce na hatsi ba.

Tana da shekara tara ciwon ya fara, lokacin yankan hatsi. Ni na fara gani, don duk kau da kan da nake yi a gaban mutane, ta ramukan danga ina kallonta. Na ga tana karkata kai dama in za ta tauna. Na ga ta daina rigimar ƙanzo, ita da take kankare tukunya har sai an ƙwace. Ruwan randa ma sai ta ɗiba a moɗa ta ajiye a rana ya huce sanyi kafin ta sha. Tsohuwa kuwa idonta ya yi yana, ba ta lura da komai ba.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in zagaya dangar in ce, Inna, yarinyar nan haƙori ke damunta. Amma faɗin haka yana nufin na tona kaina, an gane ina sa mata ido. Sai na kama dabara irin ta marasa wayo. Na sayo kanumfari ran kasuwa na ajiye bisa turmi, ko wani zai gani ya gane, aka zuba shi a kunu. Wata rana na tsaya tsakar gida ina korar kaji, na ɗaga murya na ce akwai mutanen da ba su tauna da kyau a gidan nan. Tsohuwa da haƙoranta uku suka rage ta ɗauka da ita nake, ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata.

Sai da sanyi ya shigo, yarinyar ta fashe da kuka tana riƙe da kunci, kana kakarta ta sani. Ta cusa mata garin taba da kanwa a ramin. Ta turara mata hayaƙi, wai tsutsar da ke ciki ta fito. Da abin ya ƙi, ƙanen mijina ya kai ta gidan likita, manjo, wato babban nas ɗin wurin, ya ba da ƙwayoyi, ya ce shi ba shi da kayan aikin haƙori, sai birnin Tawa. Mota zuwa da dawowa, ga wurin kwana, ga aikin kansa, ko akuyarmu muka sayar ba za ta kai mu ba. Ciwon ya lafa, ya dawo, ya lafa, ya dawo, haka muka ci rabin rani.

Lokacin cirar albasa malamin lakwal, da muke ce wa mushe, ya aiko da labari gida-gida. Likitocin haƙori sun sauka Tamaske, kwana uku za su yi, yara kyauta, amma kowane yaro sai da uwa ko uba, don a sa hannu. A makon nan kuncin yarinyar na hagu ya kumbura har idon ya ƙanƙance. Uba ba ya nan. Tsohuwa gwiwa ta hana ta ko zuwa rijiya. Ni ce na rage.

Tafiyar ba ta kai awa biyu a ƙasa ba, amma hanyar ta bi ta bakin rijiya ne, inda ake yabona. Na yi ta hango kaina ina tafe da 'yar fari a gefe, mata suna taɓa juna. Ranar farko na ce akwai aiki a garka, albasa ba ta jira. Rana ta biyu na roƙi facalata ta je ta ce ita ce uwar. Ta yi dariya ta ce, "Mushe na zamne bisa tebur ɗin hwa, shi da ya san kowa da uwatai. So kike a kore ni gaban mutane?" Bayan la'asar tsohuwa ta kira ni ta danga.

"Ke, ba ki ganin kuncin ɗiyar ga? Ni ƙahwa ba ta kai ni. Gobe ki tashi ki tahi da ita, ba mai zaginki."

Na ce, "To, Inna." Har a lokacin sai da na ji haushin an sa ni.

Rana ta uku na jira mata suka watse daga rijiya, na ce wa yarinyar, "Ke, biyo ni." Na bi ta ƙorama don kada mu haɗu da kowa. Ina gaba tana baya, da tazara tsakaninmu kamar ba tare muke ba. Ina jin numfashinta, ina jin tana tsotsar iska ta gefen baki, ban waiwaya ba. Muka isa rana ta take, layi ya kai bakin ƙofa. A teburin rubuta suna na miƙa katin rigakafinta tun ba a tambaye ni ba, don kada a sa ni faɗin sunanta. Na sa hannu, har ina jin na yi wayo.

Likitar mace ce, ba ta girme ni ba, gajiya ta bayyana a fuskarta. Ta kwantar da yarinyar a kujera, ta haska bakin da tocila, ta daɗe tana dubawa. Ta juyo.

"Ke ce mahaifiyarta?"

Na gyaɗa kai ina kallon ƙasa.

"Ba zan iya taɓa shi yau ba. Ya yi ruwa, ga kumburi, allurar kashe zafi ba za ta kama ba. Waɗanda suka zo da irin wannan shekaranjiya mun ba su magani, kumburin ya sauka, yau muka cire musu ba su ji komai ba. Na kusa da shi ma ya fara rami, da mun cike shi. Mu kuwa da yamma za mu tafi. Tun yaushe yake mata ciwo?"

Ban yi shawara da bakina ba. Na ce tun yankan hatsi. Na ce na ƙasa ne, gefen hagu, can ciki. Na ce da farko sanyi ne kawai ba ta so, daga baya har zaƙi, sau huɗu yana lafawa yana dawowa, kumburin kuma yau kwana shida. Likitar tana rubutawa, ta ce da duk iyaye suna lura haka da aikinsu ya yi sauƙi. Yarinyar tana kwance baki buɗe, ta juyo da idonta mai lafiya ta kalle ni. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan kallon ba, na ji da ƙasa za ta tsage da na shige.

Aka ba mu ƙwayoyi da takardar zuwa Tawa. A hanyar komawa ba ta tsaya a baya ba, ta zo daidai kafaɗata. Sai da muka sauka ƙorama ta yi magana, da ƙyar, don bakin ba ya buɗuwa sosai.

"Yaya, ashe kin sani?"

Na kau da kai, na ci gaba da tafiya. Ba ta sake tambaya ba.

Tawa ba mu je ba. Ƙwayoyin suka saukar da kumburi, muka ce Allah ya kawo sauƙi. Kafin ruwan farko ciwon ya dawo fiye da da, ta kwana uku ko kunu ba ya wucewa. Ƙanen mijina ya kira wanzami. Ya zo da hantsi da zabirarsa, ya fito da awartaki, ya ce a samu mai ƙarfi ya riƙe kan, don ba allura gare shi ba. Maƙwabta sun cika tsakar gida, har da matan da suke yabona.

Na ajiye taɓarya, na ratsa su, na durƙusa bayan yarinyar a gaban kowa. Na kai hannu biyu zan tallafi kanta, abin da ban yi ba tun tana goye. Ta sunkuyar da kai ta zame, ba da fushi ba, a hankali. Ta dubi ƙofar ɗakin tsohuwa, ta ce da wanzamin, "Baba, dakata. A kiro mani Inna."