Kuskuren Sati Huɗu

Har yau ban manta da ranar da Hadiza ta fara zuwa awo wurina ba, a ɗakin haihuwarmu na Matameye. Daga Dungu ta zo, cikinta ya riga ya fito, uwar mijinta na biye da ita. Shekara goma sha ɗaya da aure, wannan ne cikinta na fari.

Ga wanda ba ungozoma ba: muna ƙirga ciki ne daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, sati arba'in. Na tambaye ta ranar. Ta sunkuyar da kai, ta faɗa a hankali.

Tsohuwar ta yi dariya. "Madam, kunyar ɗan fari ce. Ko ni ba ta gaya mini ba sai da na gani da idona."

Na rubuta a karne, wato katin awo. Na auna tsawon ciki, ya ɗan gaza, na ce ai ita ma ƙarama ce.

Ranar da naƙuda ta kama ta, lissafina ya ba ni sati talatin da bakwai. Majo, wato shugaban ma'aikatanmu, ya ce, "A tura ta Damagaram?" Na ce ba buƙata, ciki ya isa. Ta haifi namiji da hantsi. Da na ɗauke shi na san bai ƙosa ba. Numfashi ya yi masa wuya. Muka sa su a mota zuwa babban asibitin Damagaram, ya rasu kafin su isa.

Bayan sati biyu ta dawo ita kaɗai, ta ciro takarda daga jakarta. Dashen ciki aka yi mata a Kano. An haɗa ƙwanta da maniyyin mijinta, aka adana shi a sanyi, aka mayar mata yana da kwana biyar. Magungunan da aka ba ta sun tsayar da jini, tun kusan sati bakwai kafin dashen.

Irin wannan cikin ba a bin al'ada. Ranar dashe ake ɗauka, a lissafa ciki ya riga ya yi kwana goma sha tara, haihuwa kuma bayan kwana ɗari biyu da sittin da ɗaya. Na ƙirga a gabanta, sau biyu. Ranar da ta haihu, cikin sati talatin da uku ne. Da na sani, da tun naƙudar farko tana Damagaram, inda ake sa bakwaini a kwalba.

Na ce, "Hadiza, me ya hana ki nuna mini?"

Ta ce, "Kullum Inna na zaune, Madam. Maigidana ya ce kada danginsa su ji, za su ce yaron ba nasu ba ne. Na yi ta jira ki ce ta fita."

Ku da kuke fara aikin nan, lissafi ba shi da wuya. Amma matanmu ba sa faɗin komai gaban surukai. Tun daga lokacin, kafin in buɗe karne, ƴar rakiya takan jira a waje. In rufe ƙofa, sannan in tambaya: ta yaya aka samu cikin?