Ranar da Na Ba Honarabul Izinin Magana

Ina gama sakandare kawuna ya samo min aikin masinja a majalisar dokokin jiharmu. Mu ne samarin nan masu fararen riguna da ke kai ruwa da takardu daga kujera zuwa kujera. Abin da aka fara koya mana shi ne a cikin zauren nan ba mu da baki. A duƙe muke tafiya, ba ma gittawa tsakanin Kakaki da mai magana, in mun zo daidai sandar majalisa mu rusuna. Har yau in zan wuce gaban talabijin a gidan mutane sai in ji bayana ya lanƙwashe da kansa.

Akwai wani ɗan majalisa dogo, ɗan adawa, daga wata mazaɓa ta bakin kogi. Ƙa'idar zauren ita ce mai son magana ya miƙe ya ɗaga hannu, ya jira Kakaki ya kira shi. To, shi idon Kakaki ba ya kaiwa kusurwarsa. Kullum zai miƙe, a kira na damansa, a kira na hagunsa, a buga guduma a tashi, yana nan tsaye. Mu yara muka sa masa suna falwaya. In na kai masa ruwa yakan karɓa da hannun hagu, don kada na daman ya sauka.

Shekaru suka ja, neman abinci ya jefo ni London, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wata rana bayan sallar Juma'a a Old Kent Road aka ce min wata Hajiya na neman Bahaushe da zai riƙa zama da mahaifinta, ciwon mantuwa ya kama shi. Ina shiga falon na gane shi, falwaya ne. Ga shi nan tsaye a tsakiyar kafet, gemu fari fat, hannun dama a sama, yana fuskantar wata kujera da ba kowa a kanta.

“Haka yake wuni, Malam,” in ji 'yarsa. “Ƙafafunsa duk sun kumbura. Doctor ya ce in ya sake faɗuwa sai care home, gidan ajiye tsofaffi, ni kuma wallahi ba zan iya kai Baba can ba.”

Na gaya mata na san shi, na kuma san abin da yake jira. Sai ta ce, “To ka kira shi mana.”

Na daɗe ina ja da baya, don ni tsoron kujerar Kakaki nake ji, ko da ta falo ce. Amma da na ga gwiwoyinsa na rawa, na je na zauna. Muryata ta fito kamar ta aro. Na ce, “Honarabul, bismillah, majalisa na sauraronka.”

Hannun ya sauko a hankali. Ya gyara wuyan rigarsa, ya yi sallama, ya fara magana tiryan-tiryan, mutumin da ba ya tuna sunan jikokinsa. Ya ce yaran garinsu a kwale-kwale suke tsallaka kogi zuwa makaranta, damina kuma ta kusa, yana roƙon majalisa ta taimaka musu da gada. Ya kira sunayen wasu yara da ruwa ya ci. Ni kuwa na san waɗanda suka rage daga cikin sa'o'insu yanzu sun yi furfura. Da ya gama ya rusuna min ya ce, “Na gode, ya Shugaba.” Ya zauna. Ranar har tuwo ya ci, Hajiya tana ta sa min albarka tana hawaye.

Washegari na zo da shirin sake hawa kujerar, na tarar da shi a zaune, hannuwansa a kan cinya. Kumburin ƙafar ya saɓe, maganar care home ta mutu. Sai dai tun daga ranar bai sake miƙewa da kansa ba, kuma ba wanda ya ƙara jin muryarsa. Na ci gaba da zuwa ina ba shi abinci a baki, har lokacin da sanyi ya shigo aka yi masa sallah a wannan gari.