Yadda Aka Hau Mumbari da Sirrin Mai Tulu

A zamanin da muka koyi tsayawa gaban jama'a, abu na farko da ake koya wa mai wa'azi shi ne kama baki. Malaminmu yakan tura mu ziyara gida-gida kafin ya yarda mu taka mumbari. In mun dawo sai ya ce, "To, me kuka jiyo?" Duk wanda ya buɗe baki ya fara zuba, ya faɗi jarrabawa ke nan. Amsar da yake so ita ce, "Mun gaishe su, mun yi addu'a." Misalin wa'azi kuwa daga gona muke ɗaukowa, ko daga akuya mai cin igiyarta, ko daga wautar kanmu. Yanzu fa, bi titin Sabon Tasha ka dubi fostocin da ke manne a turakun lantarki: semina ta marubuta, semina ta masu jawabi, zo ka koyi sa taro kuka. Ana koyar da riƙe makirfo, da inda za a ɗaga murya, da irin kwat ɗin da za a sa. Ban taɓa ganin wadda ta yi alkawarin koyar da shiru ba.

Kada a ɗauka ni tsoho ne mai ƙin sabon abu. Aikin fassara da buga littattafan ikkilisiya ya kai ni Nijar da Kamaru da Gana, ya kai ni Kenya, har Ingila na sha sanyi. Na yi wa'azi da Hausa da Turanci da Faransanci da harshen uwata. Na ga masu jawabi iri-iri, na kuma koya daga yara da yawa. Abin da ya ƙona mini rai a nan unguwarmu ta Romi ya faru, a ikkilisiyar da nake dattijo, kuma ina zaune ina kallo.

Akwai wani saurayi, ɗan abokina marigayi. Ya yi aikin kwantiragi a wajen matatar mai, can gefen Rido, aikin ya ƙare, ya ce shi yanzu jawabi da rubutu zai sa a gaba. Allah ya ba shi baki, wannan ba gardama. In ya ɗauki aya, har masu gyangyaɗi a bencin baya sukan farka. Na yi murna, na ba shi littattafaina, na riƙa tafiya da shi ziyara kamar yadda aka yi mini. Shi kuma ya riƙa zuwa waɗannan seminoni, yana dawowa da satifiket da sababbin kalmomi. Wata rana ya ce mini, "Baba, an ce mana labarin akuya ya tsufa. Mutane yanzu labarin gaske suke so, mai ciwo, wanda zai taɓa su." Na ce, "Ciwon wa?" Ya yi dariya, ya zaci wasa nake yi.

Akwai kuma wata mata 'yar Filato, ita ce mai buga tulu a zumuntar mata, wato ƙungiyar matan ikkilisiya. Wanda bai san irin sujadarmu ba, tulun nan shi ne ƙashin bayan waƙar mata: ana buga bakinsa da faifan soso, ya ba da wata murya mai zurfi da kake ji a ƙirji. In mata suka taso da zanensu iri ɗaya, ita suke saurara kafin su ɗaga ƙafa. Mijinta ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har aka rufe, bai sake samun abin kirki ba har ya rasu, ya bar ta da yara biyar. Ta tsaya a kansu da sayar da acca da dankali a kasuwa. Babbar 'yarta ta samu miji, an fara karanta sanarwar auren a majami'a.

A makon da aka fara sanarwar ne ta aiko a zo a yi mata addu'a. Muka je ni da saurayin. Ta shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, ta kori yara, ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Baba, akwai abin da ya tsaya mini a wuya," in ji ta. "Ba na so in kai yarinyar nan gaban bagadi da shi."

Ta faɗa mana cewa a shekarun da aka rufe masaƙa, lokacin da tukunya kan kwana ba a ɗora ba, ta riƙa zuwa gidan wata 'yar'uwarta a Rido suna dafa burukutu a ɓoye, da shi ta riƙe yaran a makaranta. Ran Lahadi kuma ta ɗaura zanen zumunta ta zo ta buga tulu. Ta bari tun da daɗewa, amma abin bai bar ta ba. A ikkilisiyarmu, dafa giya laifi ne da ake sa mutum horo a kansa: a sauke ka daga kowane aiki, ka koma bencin baya, a hana ka cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke tarayya a kai, har dattawa su gamsu. Ta san haka sarai.

Na ce mata, "Mama, abin da kika tuba a kansa kika bari, ba ni ne zan tono shi ba. Tashi ki aurar da 'yarki." Muka yi addu'a, ta yi kuka, ta yi dariya, ta cika mana leda da dankali.

A cikin keke mai ƙafa uku muna dawowa, saurayin ya ce, "Kai, Baba! Wannan labari ko dutse ya ji sai ya yi hawaye."

Na ce, "Ka bar shi a tabarmar da ka ji shi."

Ya ce, "To, Baba."

Lahadin da ta biyo ita ce ta makon matasa, aka ba shi mumbari. Majami'a ta cika, har dangin ango sun zo jin sanarwa, an ba su benci na gaba. Ya fara da kyau, a kan alherin Allah ga masu nauyin kaya. Can sai ya sassauta murya, ya sauko mataki ɗaya, yadda aka koya masa.

"Zan ba ku labarin wata uwa. Ba zan faɗi sunanta ba."

Ya ce wata uwa ce daga kan duwatsun Filato. Ya ce mijinta ya rasa aiki a masaƙa. Ya ce yara biyar. Ya ce hannun da yake juya tukunyar giya ran Asabar, shi ne yake buga wa Ubangiji tulu ran Lahadi. Ya ji daɗin wannan jimla har ya maimaita ta da Turanci.

A Landan za ka iya cewa "wata mata" ka tsira, domin wanda ke kusa da kai a benci bai san ko sunanka ba. A Romi kuwa mun san ƙauyen kowa, da masaƙar da mijin kowa ya yi aiki, da yawan 'ya'yan kowa, kuma tulu ɗaya ne a zumuntar. Kawuna suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya, kamar iska ta bi ta gonar dawa. Tana zaune a cikin mata, tulun a tsakanin ƙafafunta. Ba ta sunkuya ba. Ta dai ɗora faifan a kan bakin tulun a hankali, ta naɗe hannu. Uwar ango ta karkata tana raɗa wa ta kusa da ita. Wayoyi kuma suna sama, yara suna ɗaukar bidiyo. Da aka ce mata su ba da waƙar baiko, wadda ake yi lokacin tara sadaka, sai aka yi ta da tafi kawai.

Na tare shi a gindin mangwaro bayan an tashi, yana tsakiyar abokansa suna yaba masa.

"Zo nan, ɗana. Wa ya ba ka labarin nan?"

"Baba, ai ban ambaci suna ba."

"Ka ɓoye kan akuya ka bar ƙafafu huɗu da jela a waje, kana tambaya wa ya gane ta? Mata nawa ke buga tulu a nan?"

"Amma yabonta na yi! Na nuna yadda Allah ya fid da ita. Baba, ka ga yadda mutane suka yi kuka?"

"Na gani. Ita ka ga ta yi?"

Sai ya ce a seminar an gaya musu in dai an cire suna, labari ya zama na kowa. Har ya riga ya sa shi a babin farko na ɗan littafin da yake shirin kai wa maɗaba'a. A nan ne raina ya ƙara ɓaci, kuma ba da shi kaɗai ba. Wani ya tsaya gaban yaran nan da kwat, ya koya musu dokar da aka yi domin manyan biranen da ba wanda ya san wani, bai ko tambaya a wace unguwa za su yi aiki da ita ba. A Kenya na zauna cikin masu bi da ke tashi a taro su faɗi zunubansu ba kunya, har gashin jikinka ya tashi. Amma kowa nasa yake faɗa. Ban ga wanda ya tashi da na maƙwabcinsa ba.

Na ce masa, "Saurara, tun da ba a koya maka ba. Labarin mutum kayansa ne, kamar akuyarsa. In kana so, ka je ka roƙa, ka gaya masa inda za ka faɗa da waɗanda za su ji. In ya ce a'a, magana ta ƙare. In ya ce i, ka sake tambaya bayan ya kwana a kai. In kuwa kana neman labari mai ciwo, kana da naka: faɗa musu yadda ka ji ranar da aka sallame ku daga aiki. Wannan ba wanda zai kama ka."

Babin dai ya cire shi. Amma magana zarar bunu ce, bidiyon ya riga ya zaga Romi da Sabon Tasha kafin rana ta faɗi.

Dattawa suka zauna a tsakiyar mako. Wani daga cikinmu, mutumin kirki amma mai riƙe da doka kamar sanda, ya ce tun da abin ya fito fili, dole a sa ta horo, in ba haka ba za a ce muna da 'yan lele.

Na ce, "Ya fito fili, ko an fito da shi? Matar nan ba kama ta aka yi ba. Ita ta kira mu, ta buɗe cikinta don a yi mata addu'a. In kuka kai ta bencin baya, kun sanar wa kowace mace a nan cewa ladar tuba ita ce tonon asiri."

"To, Baba dattijo, kai da ka ji tun farko, me ya sa ba ka kawo mana ba?"

"Domin ba ku aka gaya wa ba. In horo kuke nema, ga mai wa'azinku nan, shi ya ɗauki abin da ba nasa ba a gaban kowa."

Fastonmu ya yi ta ƙoƙarin sanyaya mu. Aka yi ta ja har aka tsaya a kan ba za a hore ta ba, saurayin kuma zai huta da mumbari, ya je ya ba ta haƙuri. Aka kuma sa doka: ba mai ba da labarin wani daga mumbari ko a rubuce sai mai labarin ya yarda da bakinsa a gaban dattijo.

Na raka shi gidanta. Ya durƙusa, ya yi kuka na gaske. Ta bar shi ya gama.

"Tashi, ɗana, ƙasa da sanyi," in ji ta. "Na yafe. Ai ka iya magana, Allah ya ƙara. Sai dai ka sani, da ina so Romi ta ji, ina da baki."

Na ce mata dattawa sun ce ta koma kan tulunta ran Lahadi.

"Baba, sun kyauta. Amma in na ɗaga hannu zan buga, me kake tsammani za su tuna? Ai ya riga ya gaya musu abin da hannun yake yi ran Asabar."

Muka yi mata sallama, muka fito.

An yi auren. Dangin ango sun ɗan ja ƙafa, suka zo daga baya. Ta zauna a kujerar uwar amarya da sabon ɗankwali, wata yarinya ta buga tulun, tana saurin hannu har mata suna tuntuɓe a waƙa. Saurayin ya koma mumbari bayan wani lokaci, kuma ya gyaru: yanzu da labarin kansa yake wa'azi, ana gayyatarsa har Jos, dokar da muka sa tana nan ana bi.

Ita kuwa ba ta sake taɓa tulu ba. Bayan bikin ta mayar wa uwar zumunta da faifan, ta koma sujada a wata ƙaramar majami'a a Rido, inda take zama a tsakiyar jama'a ba ta riƙe da komai. Har yanzu ina zuwa ziyara gida-gida a Romi. Ana shimfiɗa mini tabarma, ana kawo ruwa, in na ce me za mu sa a addu'a, sai a ce, "Lafiya da zaman lafiya, Baba." Tun daga ranar nan ba macen da ta sake korar yara daga tsakar gida don ta gaya mini abin da ya tsaya mata a wuya.