Sulallan Goggo da Kwanon Toka

Shekarar da 'yan ta'adda suka watsa garuruwan arewacin jiharmu, Goggo, ƙanwar babana, ta iso gidanmu a unguwar Wuro Hausa da ƙafafu a kumbure. Muka ba ta ɗaki, muka ba ta abinci, sai abincin ya zame mata ciwo. Matar da ta saba ciyar da mutane, yau ita ake miƙa wa kwano. Ba a jima ba ta fara zancen komawa garinsu, alhali kowa ya san mutanen nan suna cikin duwatsun bayan garin. Na yi faɗa, na yi roƙo, har kuka na yi. Ta ce abu ɗaya ne zai zaunar da ita: injin markaɗe nata na kanta, kuma ba da kuɗin kowa ba. Taurin kai irin na gidanmu, ni ma ba baya ba ce.

Abin daraja da ta tsira da shi sulallan azurfa ne na mahaifiyarta, na zamanin Turawa, ɗinke cikin ɗamara. Maƙerin da ta nuna wa a Jimeta ya ce zai ɗora su a sikeli ya narkar, kuɗin kuwa ko rabin inji ba zai saya ba.

Ni kuma tara tsofaffin kuɗi cutata ce tun ina kwalejin horon malamai, har 'yan gidanmu suna ce min uwar tsince-tsince. Na san masu neman irin waɗannan ba nauyi suke saye ba, lafiyar sulen suke dubawa. Na shimfiɗa farin ƙyalle, na ɗauko gilashin ƙara girma, na shiga rabawa. Waɗanda aka huda don ado a kitso na tura gefe. Haka waɗanda hannu ya cinye har kan Sarkin Ingila ya koma sumul kamar ƙwai. Sai ga wasu da suka fita daban: ba huda, ba ƙarzane, gemun sarki ana ganin gashinsa ɗai-ɗai, ganyen kwakwar da ke bayan sulen kowanne da tsagarsa. Sun yi duhu sosai, kuma duhun nan shi ne shaidar ba wanda ya taɓa su. Na tura wa wani dillalin kayan tarihi hotunansu a waya, ya ce yana nan tafe daga Kano.

Ranar da zai iso, na dawo daga makaranta na tarar da Goggo a tsakar gida, ga toka a kwano, ga lemon tsami a yanke, tana ta dirzar sulallan. A wurinmu abin kunya ne a nuna wa baƙo kaya da dauɗa, ko tukunya za a ara wa maƙwabta sai an goge ta tas. Wallahi ban san lokacin da na yar da jakata ba.

"Goggo, ki tsaya. Injinki kike gogewa."

Ta harare ni, ta ce tunda take ba ta taɓa jin inda datti ya fi tsabta daraja ba, lallai boko ya taɓa min kai. Raina ya ɓaci, amma na daure na ɗora mata gilashin a kan wanda ta goge. Yana ta ƙyalli, sai dai fuskar sarkin duk ta tsattsage, toka ta cinye gemun. Na ɗora mata a kan mai duhun. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ture kwanon tokar da ƙafa. Wasu daga cikin masu kyan sun lalace, yawancinsu dai sun tsira. Na naɗe su na cusa a ƙuguna, don ban yarda da ita ba.

Dillalin ya so ya haɗe su duka ya yi musu kuɗi ɗaya, wai duk sun sha hannu. Ni zai yi wa wannan? Na riƙe guda ta baki-baki, na juya shi wajen haske har sheƙin asali ya leƙo ta ƙarƙashin duhun, na miƙa masa gilashina.

"Alhaji, nuna min wuri ɗaya da ya goge, in ba ka shi kyauta."

Ya duba, ya juya, ya sake dubawa. Goggo tana bayan labule tana ta gyaran murya, kunya ta ishe ta wai ina ja-in-ja da baƙo. Ko a jikina. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, yana gumi yana cewa malaman makaranta sun fi 'yan kasuwa tsanani. A ƙarshe ya saya yadda na ce, ni kuwa daɗi kamar in yi guɗa a gabansa.

Da aka sauke injin daga keke mai ƙafa uku a ƙofar gida, Goggo ba ta ce ta gode ba, ba halinta ba ne. Ta zagaya shi, ta shafa, ta shige ɗaki. Can na leƙa, na gan ta durƙushe tana kwance ƙullin kayanta, wanda tun zuwanta yake ɗaure a bakin ƙofa.

"Ɓingel am," ta ce, wato ɗiyata da Fillanci, ba ta ko ɗago ba, "nemo min ƙusa in rataye kayan nan."