Jitar Bahago

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar na firamare, Baba Mamman dillali ya yi sallama a ƙofar gidanmu da ke cikin garin Daura, ɗauke da jitar mahaifina a cikin buhu. An yi ruwa da safe, ƙasar zaure ta yi sanyi, ina tsugune ina daddatsa wa awakin Inna ciyawa. Baffa Lawal, yayan mahaifina, shi ya tarbe shi, domin Inna tana cikin takaba. Baba Mamman ya zaro jitar a hankali, ya goge ta da hannun rigarsa, ya ce ga amana nan ya dawo da ita, an ɗaure wuyan da ya tsage, an sa sababbin wayoyi, kuma ba zai karɓi komai ba saboda zumuncin da ke tsakaninsa da marigayi. Baffa ya yi ta sa masa albarka. Ni kuwa kallo ɗaya na yi mata na gane wannan ba jitar babana ba ce.

Mahaifina, Malam Sule, tela ne. A Damagaram ya koyi ɗinki yana saurayi, a can kuma ya koyi kaɗa jita, ya dawo gida da keken ɗinki ɗaya da jita ɗaya. Bahago aka haife shi, amma ya sha bulala a kan haka tun yana ƙarami, har hannun hagun ya koyi ɓuya. Da dama yake cin tuwo, da dama yake gaisawa, da dama yake riƙe almakashi, duk unguwa ba wanda zai ce maka Malam Sule bahago ne. Wuri ɗaya kawai hagun take fitowa ta sha iska. Bayan la'asar, in ya rufe shago, sai ya shigo cikin gida ya zauna a kan turmin da aka kifa a gindin zogale, ya juya jitar ya kifa samanta ƙasa, ya kaɗa da hagu. A cikin gida kaɗai yake yi, don danginmu ba sa son a ce ɗansu makaɗi ne. In muka kewaye shi yakan yi dariya ya ce, "Komai na ba wa dama, wannan kam na hagu ne."

Saboda haka tsufan jitar nan daban yake da na kowace jita. Akwai wata baƙar roba da ake mannawa a gefen ramin jita don ta tare farce. Tasa tana nan sabuwa fil tana ƙyalli, domin da ya juya jitar sai robar ta koma sama, farcensa kuwa yana sauka ne a ɗaya gefen, a kan katako tsirara. Nan ya cinye fenti, ya ci katakon har ya yi ɗan kwari mai santsi. Inda damtsensa ke kwanciya gumi ya mayar da wurin baƙi. A bayan wuyanta akwai gurbin babban yatsa, in ka shinshina kuma sai ka ji man keken ɗinki da goro. Da ya rasu aka rataye ta a ɗakin Inna. In na dawo daga makaranta, kafin in tafi kai niƙa ko ɗebo ruwa, nakan hau kan akwati in sa yatsana a gurbin nan. Hoton babana ɗaya muke da shi, shi ma ya dushe. Gurbin nan shi ne abin da ya rage mana na hannunsa.

Baba Mamman maƙwabcinmu ne, abokin hirar babana ne a zaure. Sana'arsa sayar da kayan da, ga baƙin da ke zuwa ganin rijiyar Kusugu da kuma wasu 'yan kasuwa da ke ƙetarowa ta iyakar Kongolam. Mu yaran unguwa mun san sirrin kayan nasa, domin kangon da yake aiki a ciki nan muke wasan ɓuya da langa. Sabon akushi zai sayo a kasuwa, ko garaya, ko gurmi, ya murje shi da samfefa, ya shafa masa baƙin mai da kunkunniya, ya tofa masa ruwan goro, ya rataye shi a kan murhu ya sha hayaƙi. Daga nan sai ya binne shi a wani rami kusa da suri, ya barbaɗa toka don kada gara ta yi yawa, ta dai ɗan lasa ta bar alama. In ya tono, sai ka ji yana rantsuwa cewa na kakan kakan wani maharbi ne. Da ya zo gaishe da Inna bayan sadakar arba'in ya ji an ce wuyan jitar ya tsage, shi ya nemi a ba shi ya kai gyara. Ta daɗe a wurinsa. Sai da Inna ta yi ta aike kafin ya kawo wannan.

Launinsu ɗaya, girmansu ɗaya, kuma ya yi mata aiki, ba laifi. Amma baƙar robar nan ya bi ya kakkarce ta da ƙusa, ya goge fenti a gefen da na-dama ke gogewa, gefen babana kuwa sumul, ko ƙwarzane babu. Wari take yi na hayaƙi da baƙin mai. Na gane abin da ya faru tun a lokacin, ko da yake sai daga baya na iya jera shi a kaina. Ya sami mai saye ya sayar da ta gasken da gaggawa, bai ko tsaya ya dube ta da kyau ba. Da aka matsa masa sai ya sayo sabuwa ya tsofar da ita da ka. Shekara da shekaru yana cin tuwo da babana a zaure, yana ganin dama, bai taɓa wuce zauren ya ga hagu ba.

Na miƙe na ce, "Baffa, wannan ba ta babana ba ce. Babana da hagu yake kaɗawa." Baba Mamman ya riƙe baki, ya fara salati, ya ce yau ga ɗan da aka haifa a gabansa yana kiransa ɓarawo. Ya rantse da abin da zai kashe shi cewa ita ce. Baffa, wanda shi kansa yana cikin waɗanda suka yi wa babana dukan hana hagu, ya ji kamar na tona asirin gida ne a gaban baƙo. Ya kwaɗa mini mari, ya ce ƙanensa ba bahago ba ne, in shige ciki. Da na kai wa Inna jitar, ta shafa bayan wuyanta sau ɗaya, ta janye hannu, ta ce in ajiye ta bayan ƙofa. Na ga a idonta ta gane. Mace mai takaba, da marayu a gabanta, ba ta da bakin jayayya da manyan maza biyu.

Daga ranar na ƙi jinin Baba Mamman, ƙiyayya irin ta yaro, wadda ba ta gajiya. A aji malam yana lissafi a allo, ni ina lissafin yadda zan rama. In mun je gona cirar ciyawa, kowace ciyawa na fizge sai in ga gemunsa ne. Na daina gaishe shi, aka dake ni, na koma gaishe shi ina kallon ƙasa ina zaginsa a zuci. Na yi tunanin danƙo, na yi tunanin sakar masa kunama a takalmi, duk na ga sun yi kaɗan. So nake ya rasa abin da yake taƙama da shi, ya tsaya yana kallo ba yadda zai yi.

Dama ta samu da ya binne kaya mafi yawa da na taɓa gani, garayu da akusa da kwari na kibiya, sannan ya hau babur ya tafi Mashi bikin 'yar ƙanwarsa, daga can kuma ya zarce fatauci. Ni ne mai sharar turken awaki da kwaso kashin shanu na taki, na kuma san abin da gara ke so. Da rana tsaka, lokacin da kowa ke hutawa, na shiga kangon na share tokar da ya barbaɗa. Na jera busasshen kashin shanu da ɓararren kara tun daga bakin suri har cikin ramin, na rufe da ƙasa. Kullum in na ɗebo ruwa sai na rage rabin bokiti na kai wa ramin, har Inna ta fara faɗan cewa randa ba ta cika. Ban taɓa yi wa wata shuka hidimar da na yi wa garar nan ba.

Da ya dawo ya tona, ƙasa ya yi ta ɗebowa da guntun fata da zoben ƙarfe. In ya ɗaga akushi sai ya ruguje a hannunsa ya zama gari. Mu yara muna kan katanga muna kallo. Ya zauna dirshan a bakin ramin, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Ban jira a yi bincike ba, na ɗaga murya daga kan katangar na ce ni ne, kuma yanzu kayansa sun tsufa da gaske. Baffa ya yi mini dukan da ban taɓa sha ba, na kwana biyu ina kwanciya rub da ciki, kuma har yau ban ji na yi asara ba. Inna tana shafa mini man kaɗanya a baya ta tambaye ni ko na huce. Na ce a'a. Ta ce, "To ka gani. Gara ta ci nasa, amma ba ta kawo maka ta babanka ba."

Maganar ta zauna mini. Jitar ƙaryar tana nan bayan ƙofa, duk shigata ɗakin sai na ga zanen ƙusar mutumin nan a jikinta, kamar ya shigo ɗakin uwata ya zauna. Na yi niyyar fasa ta, sai wata dabara ta zo mini wadda ta fi fasawa. Ni na-dama ne, amma na ɗauke ta na juya ta yadda babana ke yi, na fara kaɗawa da hagu. Yatsuna suka yi kanta, suka fashe, suka sake yin kanta. Wani direba ɗan Damagaram da ke kawo ɗinki shi ya nuna mini yadda ake ɗaure wayoyi, saura kuwa na tsinto daga abin da kunnena ya riƙe. Ba son kiɗa ya sa ni ba da farko. So nake in goge hannun Baba Mamman daga jikinta da nawa hannun. Na gama makaranta, na gaji keken ɗinkin, na yi aure, na haifi 'ya'ya, kullum bayan la'asar ina kan turmin nan. A hankali fenti ya ci a gefen hagu, katako ya yi kwari, gumi ya rufe warin hayaƙi, robar da ya karce ma ta ɓanɓare ta faɗi da kanta.

Bara na ɗauki jitar na fita da ita waje, karo na farko. Tsofaffin unguwa suna zaune a gindin darbejiya, Baffa Lawal yana cikinsu da sandarsa, Baba Mamman kuma idonsa ya yi rauni, sai da lalube. Na gaishe su, na ɗora masa ita a cinya, na ce ya duba mini wannan tunda shi masani ne. Ya bi ta da yatsu, ya sami kwarin nan, ya sami gurbin babban yatsa, ya kai ta hanci. Ya ce, "Wannan hannu ne ya ci ta, ba samfefa ba. Ta Sule ce. Ina ka samo ta? Ai da kaina na raka wanda ya saye ta har Kongolam."

Na bar maganar ta gama zagaya kunnen kowa, sannan na ce, "Taka ce, Baba Mamman. Wadda ka kawo mana a buhu ce." Baffa ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da sandarsa. Na karɓi jitata na yi musu sallama. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, daɗin da na daɗe ina jira, na kuma so a ce Inna tana raye ta ji da kunnenta.

Yanzu ɗana yakan nuna mini a waya jitocin da ake tsofarwa tun daga masana'anta, a karce su, a dusar da fentinsu, mutane suna rububin saye sun san sababbi ne. Abin da Baba Mamman ke yi a ɓoye cikin kango ya zama ado, ba mai jin kunyarsa. A zamaninmu abu sai ya zauna da mutum, ya sha guminsa, kafin a kira shi tsoho. Na rama, an kuma shaida a bainar jama'a cewa yaron nan bai yi ƙarya ba. Amma in la'asar ta yi na zauna a kan turmi na sa yatsa a gurbin nan, daidai yake da yatsana, ba ragi. Na babana ya fi nawa faɗi, ina yaro yatsana iyo yake a ciki. Yana can rataye a bangon wani da bai san ko sunan babana ba, kuma shi nake nema har yau.