Kawu a Gaba, Mu a Baya

Likita ne ya jawo mini, bakina kuma ya ƙarasa. Ya duba ni a Kano ya ce jinina ya hau, tumbina ya yi gaba ya bar ni, in ban fara motsa jiki ba in kuka da kaina. Abokan aikina kuwa sun tsiro da wata ɗabi'a ta hawan duwatsu a ƙarshen damina, lokacin da daji ya yi kore shar, rafuka suna gudu. Sun je Riruwai sun dawo suna ta zuzuta wurin, suka haɗa ni da wani mutumin garin da ke yi wa baƙi jagora. Na ce to, ni ma ranar Asabar zan je, amma bari in biya ta Yako in kwana a gidan Kawu.

Kawu yayan mahaifiyata ne, manomi tun kafin ya yi gemu. A wannan daminar ya faɗi a gona yana cikin huɗa, gwiwa ta ƙi ɗaukarsa, sai a kan babur aka dawo da shi gida. Tun daga ranar 'ya'yansa suka haɗa baki a kan ya ajiye fartanya ya bar wa babban ɗansa gandu. Kawu ya ce wanda ya ajiye fartanya likkafani yake jira, shi kuwa bai aika a sayo ba tukuna. Na tarar da gidan ba daɗi, ana gaisawa, ana cin tuwo tare, amma kowa na ciki na ciki.

Babban ɗan nasa taubashina ne, ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Shi ne ɗan fari, Kawu kuma irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa duban idonsa ya yi masa magana ba. Ko suna zaune a tabarma ɗaya, sai ya juyo wurin wani ya ce, "Gaya wa wancan." In ina gari, ni ne wanin. Tun ina yaro nake kai saƙo tsakanin mutum biyu da gwiwoyinsu ke kusan gogar juna.

Bayan la'asar muna zaune a zaure na ambaci tafiyata. Kawu ya tambaye ni ko kasuwa ake ci a kan dutsen. Na ce a'a. Ya ce ko wani malami ne ke zaune a can. Na ce a'a. To zuma zan ɗebo ko saiwa? Na ce kallo kawai, a hau, a duba, a sauko. Ya yi dariya har ta koma tari, ya ce zaman birni ya gama da ni, mutum ya ƙona mai ya je ya wahalar da kansa ya dawo hannu rabbana. Taubashina ya samu abin da yake so, ya dubi cikina ya ce wannan tumbin ko juji ba zai hau ba. Daga nan baki ya kwashe shi, ya ƙara da cewa dutsen Riruwai ai ko Baba a zamanin ƙarfinsa sai ya yi da gaske.

Kawu ya gyara zama ya dube ni.

"Gaya wa wancan gobe da ni za a tafi. In na kai ƙololuwa, kada in ƙara jin maganar gona a gidan nan. In na kasa, ya zo ya ɗauki fartanyar."

Na juya na gaya wa wancan, wanda ya riga ya ji. Haushin kaina ya kama ni, don ni na kawo zancen, kuma ni ban yarda zan kai kaina sama ba, balle tsoho mai ciwon gwiwa.

Da safe Kawu ya fito cikin babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Matarsa ta miƙo masa sanda, ya ce sanda ta tsofaffi ce da makafi. Sai ya ɗauki lema, wai ko ruwa zai sauko, alhali sama garau take. Lema ce irin ta da, mai tsinin ƙarfe, ta ma fi sandar ƙwari. Muka shiga motata, ni da shi da taubashina.

Muka wuce Kwanar Dangora, muka wuce Tudun Wada, muka shiga dajin Falgore. Na sauke gilashi ina shaƙar iska mai sanyi, ina kallon itatuwa sun rufe hanya hagu da dama, birai suna tsallake kwalta. Kawu kuwa tsaki yake ta ja, wai ƙasa baƙa wuluk irin wannan an bar wa birai, da shi aka ba wa da an ga masara. Bayan Doguwa duwatsu suka fara bayyana, manya, kore tun daga gindi har sama, gajimare yana gogar kawunansu. Na ga taubashina ya ɗaga kai ya dube su, ya saci kallon ƙafar mahaifinsa.

Jagoran namu magidanci ne mai ladabi. Ya gaishe da Kawu a durƙushe, ya tashi ya nufi bakin hanyar hawa, 'yar siririya ce da ba ta ɗaukar mutum biyu. Har ya sa ƙafa sai ya waiwayo ya ga furfura, ya ja da baya ya ce, "Bismillah, Baba." Yaro ai ba ya shiga gaban babba. Kawu ya shige gaba, taubashina a bayansa, ni a bayan taubashina, mutumin da kaɗai ya san hanya kuma a can ƙarshe. Haka muka hau dutsen Riruwai da jagora daga baya, yana ta cewa, "Baba, dama. Baba, hagu." Kunnen Kawu ɗaya ba ya ji sosai, sau da dama ya kai mu cikin ƙaya ko bakin kwazazzabo. Jagora ba zai ce wa dattijo ya ɓata ba, sai ya ce nan ma hanya ce, sai dai waccan ta fi kusa.

A gindin dutsen akwai mutane. Mun sami wani yana karyar masara, Kawu ya tsaya ya gaishe shi, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi irin da ya shuka da inda ya samo shi. Muka ɗan matsa sai ga mata da itace a ka, su ma aka yi musu tasu. Sai wani Bafulatani da shanunsa. Fulatancin Kawu bai wuce "jam" ba, amma ya yi ta juya ta har ya kusa tambayar lafiyar kowace saniya ita kaɗai. Da farko na ɗauka ladabi ne. Daga baya na lura duk lokacin da ake gaisuwar, nauyinsa yana kan lema, ƙafar hagu kuma ya ɗan ɗage ta a cikin riga. Hutawa yake yi. Ban tona ba, don ni ma haki nake, ina roƙon Allah ya ƙaro mana masu itace.

Da muka yi nisa mutane suka ƙare. Sai gora, sai manyan itatuwa masu inuwa, sai ƙarar ruwa yana zubowa daga wani wuri da ba ma gani. Wasu gwaggon birai suna zaune a kan falalen dutse suna kallonmu, Kawu ya ɗan tsaya ya ce musu sannunku, amma ba su ba da fuskar a ja hira ba. Ya ci gaba.

Nan muka shiga uku. Kawu ba zai zauna ba, don zama shi ne kasawa. Mu ba za mu zauna ba babba yana tsaye. Ba za mu wuce shi ba, ba kuma za mu ce masa ya huta ba. Ni zuciyata tana bugawa har cikin kunne, zufa ta jiƙa mini wando. Bakin babbar rigar Kawu yana rawa, kuma ba iska ce ke kaɗa ta ba. Taubashina ya fi kowa gani, tunda shi ke bayansa, amma shi ne mutum na ƙarshe a duniya da zai iya cewa Baba a huta. In ya faɗa, ya zama fartanyar yake nema.

Sai ya ja baya kaɗan ya raɗa mini, "Faɗi."

Na ce in faɗi me.

"Faɗi ƙasa. Kai ne mai tumbi, ba wanda zai yi mamaki."

Na dube shi zan ƙunduma masa ashar, sai na ga idonsa. Ba wasa a ciki. Mutumin da gandu zai zama nasa in tsohon ya kasa, shi ne yake roƙona in taimaka kada ya kasa. Tausayinsa ya kama ni, ga shi dama abin nema ya samu. Na saki salati na zube a gindin wata kaɗanya, kuma ba sai da na yi wani ƙoƙarin kwaikwayo ba.

Kawu ya juyo ya tsaya a kaina ya yi mini tas. Ya ce ƙanwarsa ta haifi buhun gero, ya ce a shekaruna shi yana ɗaukar dami biyu daga gona har gida. Sannan ya ce tunda ba za a bar ni a daji birai su cinye ba, bari ya zauna ya jira wannan ragon. Ya zauna a kan dutse ya miƙe ƙafa, na ji ajiyar zuciyar da ya yi daga inda nake kwance. Kowa ya samu ya zauna. Jagora ya yi ta yi mini fifita da hularsa, da gaske ya ɗauka tafiya zan yi.

Daga nan abin ya zama sana'a. Da bakin rigar ta fara rawa, sai in ji mintsini a cinya, sai in zube. Na faɗi a kan ciyawa, na faɗi a kan tsakuwa, na faɗi a gidan tururuwa, wannan kam ban daɗe ba na warke. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Rana ta take tsaka lokacin da Kawu ya ɗora ƙafarsa a ƙololuwa.

Ba zan ɓoye ba, abin da na gani ya taɓa ni. Duwatsu bayan duwatsu har inda ido ya gaza, daji ya shimfiɗu a ƙasa, rafi yana sheƙi a tsakiyarsa, inuwar gajimare tana tafiya a kan gonaki. Iska ta busar mini da zufa, na yi tasbihi ban sani ba. Kawu ma ya daɗe yana kallo, hannu a goshi. Na matsa ina jiran ya ce na yi gaskiya. Sai ya nuna wata gona can ƙasa da lema ya ce mai ita bai yi maimai ba, dubi ciyawa. Muka yi alwala da ruwan da ya taru a kwarmin dutse, ya ja mu azahar, yana tashi daga sujada a hankali. Da ya sallame ya ce in gaya wa wancan maganar gona ta mutu. Taubashina ya ce mini in ce to.

Ba wanda ya yi tunanin sauka, ni ma ban yi ba. Kawu ya nufi bakin gangara, mu a bayansa kamar kullum. Ya sa ƙafa ɗaya, gwiwar ta lanƙwashe, lema ta zame a kan dutse, da ƙyar ya dafa ya tsaya. Hawa ƙirji yake ci, sauka kuwa gwiwa take nema, kuma faɗuwata ba za ta yi maganin wannan ba. Ya tsaya yana duban hanyar, ta miƙe ƙasa tsaye, duk tsakuwa. Na gyara tsayuwa ina jiran saƙo.

Bai dube ni ba. Ya juya ya dubi ɗansa ido da ido.

"Kai. Wuce gaba."

Taubashina ya tsaya kamar bai ji ba, sannan ya raɓa ta gefensa a sunkuye ya shiga gaba. Kawu ya ɗora hannu a kafaɗarsa ya sakar masa nauyi. Ni kuma ya miƙo mini lemar, ya ce in riƙe, in kuma daina faɗuwa haka nan, an gama, ya ga duk lokacin da ake mintsinina.

Haka muka sauko, a hankali, kuma tun daga sama har ƙasa Kawu bai yi shiru ba. Yana magana a bayan kunnen ɗansa, yana gaya masa inda ruwa ke kwanciya a gandu, da ɓangaren da ba ya son dawa shekara biyu a jere, da iyakar da maƙwabci ke ci kaɗan-kaɗan in ba a sa ido ba. Taubashina yana cewa to, Baba, to, Baba, yana share fuska da hannun riga, wai zufa ce. Ni ma tawa zufar ta zubo. Mun sake wuce Bafulatanin nan da shanunsa, Kawu ya ɗaga masa hannu kawai.

A Yako har yau labarin da aka sani shi ne Kawu ya hau dutsen Riruwai da ƙafarsa, ɗan ƙanwarsa kuma ya yi ta suma a hanya. Kawu da kansa yake bayar da shi, kullum adadin sumar yana ƙaruwa, taubashina yana ba da shaida. Ba su taɓa kai labarin kan sauka ba, ni ma ban taɓa gyara musu ba. Da bazara ta zo taubashina ne ya fita sharar gona da tsohuwar fartanyar, Kawu yana zaune a gindin ɗorawa yana gaishe da masu wucewa, yana kushe sharar. Ni ne kawai na yi asara, don aikin da nake yi tun ina yaro a kan dutsen nan na rasa shi. Yanzu in na je gidan muka zauna a zaure, Kawu ya tashi yi wa ɗansa magana, ba ya ko waiwayo ni.