Zaman Makokin Bawa Mai Jaki

Akwai wata Laraba da ba ta taɓa fita raina ba, lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin karatu na Goronyo. Ƙa'idar aikin ita ce sufeto ya zo daga Sakkwato ba sanarwa. In ya tarar da ɗaki ba kowa, rufewa za a yi, ni kuma in koma gida.

Abin da ke kawo mana mutane kuwa littattafai ne da aka tattara zanen barkwancin wata tsohuwar jarida, labarin wani Bawa Mai Jaki. Dattawan kasuwar albasa kan zo bayan la'asar, ina karantawa suna kallon hoto. Ran nan muka kai ƙarshen littafi na ƙarshe, Bawa ya faɗa rijiya ya mutu.

Alhaji Ummaru, shugaban 'yan albasa, tsoho ne mai shegen tsokana. Ya ce, "Mutum ya ba mu dariya shekara guda, mu tashi haka nan? A shimfiɗa tabarma!" Suka jeru suna sunkuyar da kai, duk wanda ya shigo ya yi musu gaisuwa.

Ana haka motar sufeto ta tsaya. Mutumin ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya bi su ɗaya bayan ɗaya da "Ina haƙuri?" Su kuma ba kunya suna amsawa.

Sufeton ya ce, "Ya bar ɗiya?"

Alhaji ya ce, "Jaki ɗai yab bari, ranka shi daɗe."

"Mi as same shi?"

Na ga abin zai wuce gona da iri, na miƙa masa littafin. Ya daɗe yana kallon shafin. Na sallama aikina.

Can ya ɗago ya ce, "Bawa ne? Ina firamare ubana ya daina sayen jaridar, ban san ƙarshenai ba." Ya gyara zama, ya ce in koma baya kaɗan in karanto masa. Sai da aka kira magariba ya tashi, kuma ba a rufe ɗakin ba.

Ku masu tasowa, kada ku raina littafi don yana da hoto. Manyan kundayen da nake kakkaɓe wa ƙura kullum ba su tsinana mini komai ba, Bawa ne ya cece ni yana cikin rijiya.